Babi na Huɗu: Maiƙon da Ke Jikin Sabuwar Bindiga

"Tunda sabuwa ce fil, yanzu aka ɓare ta daga takarda, me kuma za a wanke a jikinta?" Duk wanda ya saba zaman majalisa a Ƙofar Marusa, ko wata unguwa ta birnin Katsina, idan hira ta gangaro kan farauta ko tsaron gari, da wuya a ce bai taɓa jin wannan tambaya ba. Wani ma yakan ƙara da cewa ai maiƙon nan da ke naso a jikinta shi ne shaidar ba a taɓa harba ta ba, kuma waɗanda suka ƙera ta sun fi mu sanin abin da ya dace da ita, don haka a bar shi yadda suka sa shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Masu ƙirar ne suka sa, kuma da dalili suka sa. Sai dai dalilin nasu na tafiya ne da ajiya. Ranar da bindiga ta fito daga akwati za ta fara aiki, maiƙon da ya tsare ta watanni ko shekaru shi ne zai iya fasa bututunta a hannun mai ita.

A da ba kowa ke buƙatar wannan bayani ba. Bindiga a ƙasar Katsina ta maharba ce, da 'yan bindigar Sarki masu turnuƙe Ƙofar Soro da hayaƙi ranar hawan salla, sai jami'an tsaro. Waɗannan kuwa ko dai gadon abin suka yi, ko an ba su horo. Ta'asar ɓarayin daji ce ta jawo mutanen da ba su gaji riƙe makami ba cikin aikin tsaro, har a watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa 1,466 a rukunin farko. Mun ga a babin da ya gabata yadda Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku: akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai irin na farauta da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai kuma masu ɗuri ta baki da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Wannan babi na wanda ya cika wancan sharaɗi ne, ko wanda hukuma ta damƙa wa makami a bakin aiki.

Tafiyar da ta yi kafin ta iso

Ƙarfe yana tsatsa idan ruwa da iska suka haɗu a kansa. Ba sai ruwan sama ya dake shi ba. Laimar da ke cikin iska ta isa, gumin tafin hannu ma ya isa, gishiri kuma yana ƙara wa abin sauri ninkin-ba-ninkin. Baƙin launin nan mai sheƙi da ake gani a bututun bindiga shi kansa wani nau'in tsatsa ne da aka yi da gangan a masana'anta, siriri ƙwarai, bai kai ko kusa da kaurin gashi ba, kuma ba ya iya tsare ƙarfe shi kaɗai sai da mai a kansa.

To a duba hanyar da bindigar farauta ke biyowa. Mai baki ɗaya ƙirar Baikal daga birnin Izhevsk na Rasha take fitowa, wasu daga Turkiyya, wasu daga Birazil. Za ta yi makonni a cikin kwantena a kan teku, da rana ƙarfen kwantenar ya gasu, da dare ya huce, raɓa mai gishiri ta riƙa sauka a kan kaya. Ta iso Apapa ko Tin Kan ta zauna cikin laimar Legas kafin a gama takardu, sannan ta kama hanyar Arewa mai nisan fiye da kilomita dubu. Ko wadda aka ƙera a masana'antar DICON ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ba ta tsira ba, domin tana iya cin damina biyu ko uku a ma'ajiya kafin a raba ta. Mai masana'anta bai san ranar da za a buɗe akwatin ba, ko bayan wata uku ko bayan shekara goma, saboda haka sai ya lulluɓe ta ciki da waje da abin da ruwa ba zai ratsa ba.

Matsalar tsohuwa ce. Bindigogin da Mai Idris Alooma na Barno ya samu a ƙarni na 16 hamada suka ƙetaro, waɗanda kuma Sarkin Kano Babba Zaki ya ba dogarawansa a ƙarni na 18 sun zo ne a zamanin da maƙeran Turai, musamman na Birmingham a Ingila, ke loda wa jiragen ruwa bindigogi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin a san man fetur, da kitsen dabba da man itatuwa ake tsare ƙarfe. Har ma kitsen ya taɓa tayar da ƙasa guda: a 1857 sojojin Indiya, Musulmi da Hindu, sun yi wa Turawan Ingila bore bayan labari ya bazu cewa an shafa wa takardar harsashin sabuwar bindigar Enfield, wadda sai an ciza da haƙori kafin a ɗura, kitsen alade da na saniya. Mai karatu da ke tunanin tsarkin hannunsa da tufarsa ya kwantar da hankali, mafi yawan maiƙon yau daga ɗanyen man fetur ake samunsa.

Wane irin maiƙo ne?

Wanda ya fi shahara sunansa Cosmoline. Kamfanin Houghton na birnin Filadelfiya a Amurka ne ya fito da shi a ƙarni na 19, kuma da farko har a matsayin man shafawa aka sayar da shi, don ɗan'uwan basilin ne, sai dai an ƙara masa kaki da wasu sinadarai masu hana tsatsa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun shafe bindigogi da injuna da kayan motoci da shi kafin su loda su a jirgin ruwa. Tarayyar Sobiyat da Sin su ma sun yi nasu irin, suka tsoma miliyoyin bindigogi a ciki suka jibge a rumbuna, wasu sai bayan shekaru arba'in ko hamsin aka buɗe su, aka tarar ƙarfen lafiya lau.

Launinsa ruwan ƙasa ne ko ruwan zuma, yana da danƙo, yana da wari irin na garejin makanikai. Yana narkewa a zafin digiri 45 zuwa 52 a ma'aunin Salshiyos. A riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani nan gaba. Idan ya daɗe, ɓangarensa mai ruwa-ruwa yakan bushe ya bar ɓawo mai tauri kamar kyandir. Ba kowace sabuwar bindiga ke zuwa da mai kauri haka ba. Masana'antu da yawa yanzu siririn mai suke fesawa su naɗe ta da wata takarda mai fitar da tururin da ke hana tsatsa. Amma siririn ma man ajiya ne, an yi shi don ya manne ya ƙi motsi, alhali man aiki ana son ya yi santsi ya bar ƙarfe ya zame a kan ƙarfe. Kuma a ƙarƙashinsa akan tarar da ɓurɓushin ƙarfe da ya rage daga injin da ya rarake bututun.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Nan ne haɗarin yake, kuma nan nake son mai karatu ya tsaya. Idan aka ja kunama, garin da ke cikin harsashi yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai tsananin matsi. Mai faci a bakin titin Ƙofar Marusa yakan ba tayar ƙaramar mota iska 32 ko 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, matsin da ke cikin bindigar farauta mai lamba 12 yana iya kaiwa 11,500, wato ya ninka na taya fiye da sau ɗari uku. A bindigogin soja yana haura 50,000. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin kuwa suna barin baki da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa guda.

Abin da ke gudu haka ba ya iya ture maiƙo gefe ya wuce. Yana kwasarsa ne a gabansa, maiƙon ya taru ya zama toshi, kuma maiƙo ba ya matsuwa kamar iska. Tafiyar ta ɗan tsaya, matsin da ke bayanta ya hau, sai ya nemi inda ƙarfe ya fi rauni. Idan an yi sa'a, bututun ya kumbura a wuri ɗaya ya yi zobe, bindiga ta tashi aiki ke nan, don wurin ba zai ƙara komawa daidai ba. Idan ba a yi sa'a ba ya tsage. Bututun bindigar farauta yana da kauri ne a gindi, yana sirancewa yayin da ya miƙe, kuma daidai inda ya fara sirancewa nan hannun hagu yake riƙe. Shi ya sa raunin fashewar bututu ya fi faɗawa kan yatsu da ido.

Sai gurbin da harsashi ke zama. A lokacin harbi kwanson harsashin yana buɗewa ya kama bangon gurbin tam, kuma wannan kamun yana ɗauke wani kaso na ƙarfin da ke komowa baya. Idan bangon yana da santsin maiƙo kamun ya tafi, ƙarfin gaba ɗaya ya dako makullin da ke gaban fuskar mai harbi. Sau ɗaya ba lalle ya karya shi ba, amma yana sassauta shi. Bayan harbi biyu ko uku kuma maiƙon ya yi zafi ya dahu ya koma danƙo, ya liƙe kwanso a ciki ya ƙi fita. Daga nan ne za ka ga mutum yana zungurar bindiga da wuƙa ko ƙusa a tsakiyar daji.

Na ukunsu allura ce, ɗan siririn ƙarfen nan da ke dukan gindin harsashi. Tana tafiya ne a cikin wani matsattsen rami, kuma maiƙo yana son irin wannan wuri. Idan ya daskare a can, ɗayan biyu ne. Ko dai allurar ta yi nauyi ta daki harsashi da sanyin jiki ya ƙi tashi, ko kuma ta maƙale a gaba, bakinta a waje, da an rufe bindiga ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama. Wannan na biyun ba zato ba ne. Lokacin da aka riƙa sayar da tsoffin bindigogin SKS na Sin da Rasha a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980, an sha samun masu tashi da kansu saboda busasshen Cosmoline a ramin allura, har abin ya zama gargaɗin farko da ake yi wa duk wanda ya sayi irinta.

Hunturu da bazara

Mu kuma a nan muna da ƙarin matsalar da mai masana'anta a Rasha bai yi lissafi da ita ba. Lokacin farauta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, kuma shi ne lokacin da hazo ke sauka. Wanda ya ajiye babur a waje a Ƙofar Marusa cikin watan Janairu ya san abin da zai tarar a kan sirdinsa da safe. Ƙurar nan garin yashi ce, ta fi ƙarfe tauri. A kan busasshen ƙarfe ana hure ta ta tafi. A kan maiƙo kuwa zama take yi, su cakuɗe su koma irin haɗin da makanikai ke goge bawul da shi. Duk buɗewa da rufewa sai ya ci ƙarfe kaɗan, har bindigar da ta zo a matse ta fara girgiɗi kafin ta shekara.

Sanyin asuba na Disamba da Janairu yana ƙara daskarar da maiƙon daidai lokacin da maharbi ke fita. Afrilu da Mayu kuma su narkar da shi. Bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki mai rufin kwano, baki a sama, maiƙonta zai riƙa tsiyaya a hankali zuwa cikin kunama da cikin katakon ƙota, inda ya fi wuyar fitarwa.

Kafin a taɓa komai

Aikin farko shi ne a buɗe ta a tabbata ba kome a ciki, a duba da ido a taɓa da yatsa, ko da yanzu aka ciro ta daga kwali. A fitar da harsasai daga wurin gaba ɗaya, a kai su wani ɗaki. A sallami yara. A zaɓi fili mai iska a tsakar gida, nesa da murhu da risho da janareto da mai shan taba.

Kayan aikin ba su da yawa: tsummokaran auduga masu tsabta, tsohon buroshin haƙori, daro ko faranti mai zurfi, sandar goge bututu ta katako ko ta tagulla, tsinken sakace, da kananzir. Idan an samu ruwan wanke bindiga na kamfani ya fi, amma kananzir yana narkar da wannan maiƙo sarai kuma ba ya cin launin ƙarfe. Abin da nake roƙon mai karatu ya guje wa shi ne fetur. Na san shi ne a kusa, shi makanikai ke wanke hannu da shi, kuma yana aiki da sauri. Amma fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko a cikin tsananin sanyi, tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashin da ke can gefe. Kananzir sai ya yi ɗumin kusan digiri 38 kafin ya fara haka. A kuma saye shi a wurin da aka amince da shi, domin kananzir da aka gauraya da fetur ya sha ƙone gidaje a ƙasar nan.

Wajen kwancewa, a tsaya a inda takardar masana'anta ta tsaya. A bindiga mai karyewa, katakon gaba ne ke fita, sai bututu ya rabu da gangar jiki, shi ke nan. Cikin kunama akwai ƙananan sifirin da fil-fil waɗanda idan suka tarwatse ba kowa ke iya mayar da su ba, kuma kunamar da aka mayar ba daidai ba ta fi maiƙo haɗari. Idan alama ta nuna maiƙo ya daskare a can ciki, a kai wa mai kula da makamai na rundunar da mutum yake, ko mai gyara da ke da izini, don doka ta sa gyaran bindiga ma sai da izini.

Rana ta yi rabin aikin

A fara da share na sama da tsumma, a kankare mai kauri da ɗan katako ko tsohon katin waya. Ban da wuƙa, ban da sanfefa, ban da soson ƙarfe, duk suna kankare baƙin launin su buɗe wa tsatsa ƙofa.

Sannan a tuna da adadin nan, 45 zuwa 52. A ƙasashen sanyi mutane har akwati suke haɗawa da ƙwan lantarki don su narkar da Cosmoline. Mu Allah ya hutar da mu. A bazara zafin inuwa a Katsina yana haura digiri 40, ƙarfen da aka shimfiɗa a rana da azahar kuwa yana wuce abin da hannu ke iya riƙewa. A ɗora sassan ƙarfen a kan baƙar leda ko guntun kwano, a ɗan karkata su, a bar su kamar sa'a guda. Maiƙon zai riƙa gangarowa da kansa daga lungunan da buroshi ba ya kaiwa. A goge tun yana da ɗumi. Idan hunturu ne rana ba ta da ƙarfi, tafasasshen ruwa yana yin aikin: a kwarara shi a kan ƙarfen da cikin bututu, zafin zai busar da shi nan take, amma a bi shi da mai ba tare da jinkiri ba, don ƙarfen da aka wanke tas yana fara jan tsatsa cikin mintuna. Wuta kam kada a kusanta da ita, ko garwashi ko ta mai walda. Tana kashe ƙarfin sifirin, kuma a bindiga mai baki biyu tana iya narkar da dalmar da ta haɗa bututun biyu.

Bayan rana sai kananzir da buroshi: maƙogwaron da bututu ke juyawa a kai, ɗan ƙarfen da ke turo kwanso waje, fuskar da allura ke leƙowa. A ɗiga kananzir a ramin allurar, a kife shi ya tsiyaye, a maimaita har abin da ke fitowa ya daina launi. Tsinken sakace da aka naɗa wa ƙyalle yana shiga kusurwoyi.

Bututu kuwa ana goge shi ne daga gindi zuwa baki, hanyar da harsashi ke bi, don kada a turo datti cikin gurbi kuma kada sanda ta ci gefen baki. A jiƙa ƙyalle da kananzir a tura, a jefar, a sa wani. Na farko za su fito baƙi-ƙirin ko ruwan ƙasa. A ci gaba har busasshen ƙyalle ya fito fari. Kada ƙyallen ya yi girman da sai an buga sanda da dutse kafin ya wuce, domin idan ya maƙale an sake yin wani toshin. Daga ƙarshe a ɗaga bututun, shi kaɗai a cire, a leƙa ta gindi wajen haske. Wanda ya wanku za a ga cikinsa yana walƙiya zobe-zobe har ƙarshe, ba dishi-dishi, ba tabo.

Sauri ya haifi nawa. Bayan kwana uku ko mako a sake dubawa, don maiƙon da ya ɓuya a mahaɗai yakan ci gaba da naso idan ya ji ɗumi.

Ƙota

Katako yana shan mai kamar yadda yake shan ruwa. Wanda ya sha ya ƙoshi yakan yi baƙi ya yi laushi, kuma a wuyan ƙota, inda dukan harbi ke sauka, nan yake tsagewa. Ba a jiƙa shi a kananzir, ba a wanke shi da omo. A naɗe shi da tsohuwar jarida ko tsumma, a sa a baƙar leda, a ajiye a rana na ɗan lokaci, a fito da shi a goge abin da ya tsatso, gobe a sake. Kada a manta da shi a rana wuni guda, bushewar iskarmu tana tsaga katako. Idan ƙotar roba ce, ruwa da sabulu sun wadatar.

Wane mai za a mayar?

Ƙarfen da aka wanke tsirara yake, dole a mayar masa da mai, kuma a nan ne mafi yawanmu muke ɓata aikin da muka gama. Mun ɗauka yawan mai shi ne yawan kulawa. Man bindiga na kamfani shi ne daidai, idan babu, man keken ɗinki yana tsayawa a madadinsa. A ɗiga a ƙyalle a shafa, ba a tsiyaya a jikin bindiga ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ƙarfe ya yi sheƙi, amma idan aka shafa yatsa kada ya taso a jiƙe. Ɗigo ɗaya ya ishi maƙogwaro, ɗaya ya ishi makulli. Ramin allura a bar shi kusan a bushe.

Man gyaɗa da manja da man shanu ba su da wuri a nan, suna tsami su yi danƙo, su koma abin da aka sha wahalar cirewa. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da gurɓataccen sinadari mai cin ƙarfe da fata. Man birki yana cin fenti da kwalliyar katako. WD-40 yana korar ruwa da kyau amma ba ya daɗewa a matsayin man aiki. Harsashi kuwa ba a shafa masa kome, don mai yana iya ratsawa ya kashe shi, ko ya sa ya yi jinkirin tashi. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar baki yana kallon wuri marar haɗari aƙalla daƙiƙa talatin kafin a buɗe.

Cikin bututu ana barin siririn mai idan ajiya za a yi, musamman daga Yuni zuwa Satumba, amma ranar fita sai an bi shi da busasshen ƙyalle. A ajiye ta a kulle, harsasai a wani wuri daban, baki yana kallon ƙasa don kada mai ya gangara cikin ƙota. Akwai kuma zanzaro, wanda ba abin da yake so irin rami mai duhu da zai gina ɗakinsa na laka. Saboda shi ne wasu ke cusa tsumma a bakin bindiga, sai ranar gaggawa a manta da shi. Laka da tsumma duk toshi ne, aikinsu ɗaya da na maiƙo. Jakar yadi mai rufe bindigar gaba ɗaya ta fi, kuma leƙa bututu kafin kowace fita ya zama ɗabi'a.

Wanda ya raba makami

Idan bututu ya fashe ya tafi da yatsun mutum, abin da ake cewa a wajen dubiya shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba. Amma kashi mai yawa na wannan tsautsayi sa'a biyu da kwalbar kananzir suna kawar da shi, kuma alhakin bai tsaya kan mai riƙe da bindigar shi kaɗai ba. A Biyetnam an raba wa sojojin Amurka sabuwar bindigar M16 ba tare da isassun kayan gogewa ba, har da yawa suka ɗauka ba ta buƙatar wanki. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, aka rasa rayuka, sai da majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967. Idan haka ta faru da rundunar da ta fi kowace kuɗi, to duk hukuma ko ƙungiyar da za ta miƙa wa saurayi bindiga a Jibiya ko Batsari ko Safana, wajibinta ne ta haɗa masa da sandar gogewa da kwalbar mai, ta kuma zaunar da shi gaban wanda ya iya, ya wanke ta da hannunsa kafin a ba shi harsashi ko ɗaya. Tsofaffin maharba da tsofaffin sojoji suna nan a kowace unguwa, ilimin yana wurinsu.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi bindigar masana'anta ce mai cin harsashi. Adaka, wadda har yau ita ce a hannun mafi yawan maharbanmu da masu hawan salla, daga maƙera take fitowa, ba ta ƙetare teku ba, kuma dokarta daban ce. Man da ya taru a gindinta yana jiƙa albarushi ya hana shi tashi, tokar da albarushi ke bari kuma tana jan laima daga iska ta ci bututu daga ciki cikin 'yan kwanaki, kananzir ba ya narkar da ita, sai ruwan zafi. Yadda ake wanke ta bayan harbi, da yadda ake gane bututun da ya riga ya ciwu har bai kamata a ƙara ɗura shi ba, shi ne abin da babi na biyar zai ɗauka.